Kashi 80 cikin 100, amma ban da ƙiba

Gwiwa ce ta kai ni wurin likita. A Damagaram ban taɓa jin macen da ta yafa mayafi ta nufi asibiti don ta yi jiki ba. In kin yi jiki sai a ce "Hajiya, hutu ya karɓe ki," a yaba wa mijinki. Shekara 20 ina amsa wannan gaisuwa da murmushi, har wata asuba da na yi sujada na kasa tasowa sai da na dafa bango. Daga ranar na koma salla a kan kujerar roba, ina da shekara 44, ga Inna da ta haura 70 tana kai goshinta ƙasa ba abin da ya dame ta.

Aikina lissafin kuɗi ne a wata ƙungiya mai zaman kanta, irin waɗanda muke ce wa proje. Cikin abubuwan da ke riƙe mutum a irin wannan aiki akwai katin asirans, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira inshora. Ka nuna kati a asibiti ko farmasin da ke da yarjejeniya da kamfanin, a cika maka bon, ka biya kashi 20 cikin 100, su biya 80. Da katin nan na haifi autana, da shi aka yi wa maigida aikin ƙaba, da shi muke sayen maganin masassara duk damina. A layinmu ban san wani gida mai irinsa ba, don haka na san gata ne, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi inda gatan ya ƙare ba.

A watan Oktoba na 2024 na je. Infirmiya ta ɗora ni a sikeli, kilo 98. Ta jingina ni da bango ta auna tsawo, mita 1.62. Likita ya ɗauki salularsa ya raba nauyin da tsawo sau tsawo, ya juyo mini da fuskar wayar: 37. Ya ce daga 25 an wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da likitoci ke lissafawa cikin cututtuka. Tansiyo 15 da 9. Ya tura ni labo washegari da sassafe ban karya ba. Sukarin safe ya fito 1.14, shi kuma ɗaya awon, HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya zauna cikin jini a wata ukun da suka wuce, ya fito 6.2. Ciwon sukari daga 1.26 yake farawa a na farko, daga 6.5 a na biyu.

"Hajiya, ba ki shiga gidan ba tukuna," in ji shi, "amma kin wuce ƙofa, kina zaure."

Ya fara da abin da kowa ya sani, rage tuwo, barin lemu, tafiya da ƙafa. Na ce masa likita, na yi. Na bar sukari a shayi shekara biyu. Na yi zagayen fili da asuba har gwiwar ta hana. Na sha ganyayyakin da ake tallarsu a WhatsApp, ban samu komai ba sai zawo. Kilo 3 su tafi, 5 su dawo. Sai ya gyara zama ya yi mini bayanin wata allura mai suna semaglutide, ta wani kamfanin ƙasar Danmak, Novo Nordisk. Ya ce idan mutum ya ci abinci hanjinsa na sakin wani sinadari, GLP-1, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya sa tumbi ya yi jinkirin sauke abinci, ya kuma taimaka wajen fitar da insulin. Na jiki minti kaɗan yake yi ya ɓace, na allurar kuwa yana kai mako. Magani ɗaya ne da suna biyu: Ozempic, wanda Amurka ta amince da shi a 2017 don masu ciwon sukari, da Wegovy, wanda ta amince da shi a 2021 don rage ƙiba, shi ana hawa da shi har miligiram 2.4. Ya tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya yi sankarar maƙoshi, ko na taɓa ciwon pankiriyas, ko ina da niyyar ƙara haihuwa. Duk na ce a'a. Ya rubuta ordonans.

Na shiga farmasi da kati a hannu kamar kullum. Yaron da ke kanta ya karanta takardar sau biyu, ya shiga ciki, ya fito da mai farmasin. Ta ce Wegovy ba su taɓa samunsa ba, Ozempic ne suke iya yo oda daga Yamai, ya zo cikin kula da ƙanƙara, tafiyar kusan kilomita 900. Alƙalami ɗaya na wata ɗaya ne, kuma kuɗinsa ya haura jikka 100. Na yi lissafin kashi 20 a kaina, na ga zan iya. Sai ta ce, "Hajiya, wannan ba ya wucewa da bon haka kawai. Sai kin kawo akor." Wato sai kamfanin ya amince a rubuce kafin a saya.

Haɗa dosiyen ya ci mini mako guda. Ordonans, rahoton likita cikin ambulan a liƙe, sakamakon labo, fotokopin kati gaba da baya, da takardar farashi daga farmasi. Na kai biron wakilin kamfanin, wani ɗaki mai tebur biyu da fanka. Bayan kwana uku ya kira ni, wai hatimin likita bai fito sosai ba. Na hau adaidaita na koma, likita yana tiyata, na jira har la'asar aka sake bugawa. Daga nan aka tura wa likitan kamfani a Yamai, mutumin da bai taɓa ganin gwiwata ba, wanda kuma alƙalaminsa ne ke yanke hukunci. Kwana 19 ina leƙa waya. Amsar da ta zo layi biyu ce da Faransanci: an ƙi, a duba sashen abubuwan da aka keɓe.

Ni da nake fitar da cekin kuɗin asirans ɗin nan duk Janairu, ban taɓa karanta kontaran ba. Abokiyar aikina mai kula da ma'aikata ta zaro shi daga kabad, ta kaɗe masa ƙura, muka zauna muna bi da yatsa. Can wajen ƙarshe, da ƙananan haruffa, ga jerin abin da ba a biya: tiyatar kwalliya, man shafawa, maganin sanƙo, sannan a layi ɗaya, maganin rage ƙiba da na ƙara ƙiba. Na yi dariya ba don daɗi ba. Wato allurar da likita ya rubuta mini bayan awon jini, ita da sha-ka-fashe da 'yan mata ke saye a tiren mai talla a Kasuwar Dole don su cika zane kafin biki, a wurin kamfani jirgi ɗaya ya kwaso su. Duka ado ne.

Na nemi lambar likitan kamfanin, na samu da ƙyar. Mutum ne mai ladabi, ban da abin faɗa a kansa ta wannan fuska. Ya ce Madam, abu biyu ne. In an ce don ƙiba ne, kontara ya hana. In an ce Ozempic ne, to shi maganin ciwon sukari ne, ke kuma ba ki da ciwon sukari. Na ce likita, ai gudun kada in kamu da shi ne ake so in sha. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "In awonki ya kai 6.5, ki sake turo dosiye, za mu duba." Na ajiye wayar na daɗe ina kallon bango. Ɗigo uku ne tsakanina da magani, kuma hanyar cike su ita ce in ƙara lalacewa.

Haushin ya kwana biyu, amma ni 'yar lissafi ce, sai na zauna na duba abin da idon kamfani. Kowane ma'aikaci yana da iyakar abin da za a kashe masa a shekara. Wannan allura ba irin maganin masassara ba ce da ake sha kwana uku a gama, shekaru ake yi a kanta, kuma a bironmu kaɗai zan iya nuna mutum biyar da lissafin likita zai kai su 30. Abin da ya fi wannan, kontaranmu na shekara ɗaya ne. Duk ƙarshen shekara ana kiran kamfanoni su kawo farashi, wanda ya fi sauƙi ya ɗauka. Ribar hana ni ciwon sukari, wato wankin ƙodar da ba za a yi ba da ƙafar da ba za a yanke ba, sai nan da shekara 10 ko 15 za a gan ta, lokacin wani kamfani ne ke riƙe da mu, ko ma na yi ritaya ba ni da kati. Wa zai shuka gero a gonar da ya san baɗi za a karɓe? Na fahimce su sarai, sai dai fahimtar ba ta rage mini ko kilo ɗaya ba. Daga baya na ji ba mu kaɗai ba ne. A Faransa Wegovy ya shiga farmasi a Oktoban 2024 ɗin nan ba tare da asusun lafiyar gwamnati na mayar wa kowa ko tamma ba. A Amurka dokar 2003 da ta kafa biyan magani ga tsofaffi a tsarin Medicare ta cire magungunan rage ƙiba daga ciki.

A nan ne shawarwari suka fara zuwa. Wani ƙaramin ma'aikacinmu ya same ni a kicin ya rage murya. "Tanti, ke ma dai. Ki ce likita ya rubuta diyabet mana, ai biro ne kawai." Wata ta ce in sha kwalbar lemu uku kafin in je labo. Ita ba ta san HbA1c na wata uku ba ne, lemun safiya ɗaya ba ya motsa shi. Ba zan ɓoye ba, maganar yaron ta zauna mini. Na koma wurin likita na yi ta kewaye-kewaye, har dai na furta. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Hajiya, in na rubuta miki ciwon da ba ki da shi, ba a nan zai tsaya ba. Zai bi ki duk asibitin da kika je, wani ya ɗora miki magani a kansa. Ranar da kamfani ya nemi a sake awo, ke da ni duka mun shiga uku. Kuma 'yan alƙaluman da ke isowa ƙasar nan, akwai masu ciwon na gaske da ke jiransu."

Na ji kunya har cikin ƙashina. Shi ya kawar da zancen da kansa, ya ce mu bi ta ƙofa, mu ɗaukaka ƙara. Ya rubuta wasiƙa shafi biyu, ya jera hawan jinin, gwiwar, da sukarin da ke bakin iyaka. Na ce ya saka binciken nan na 2023 da ya nuna allurar na rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 20 cikin 100. Ya ce a'a, wancan an yi shi ne kan mutanen da suka riga suka yi ciwon zuciya, ni ba na cikinsu, kuma likitan Yamai ya san haka. Amsa ta biyu ta fi ta farko tsawo. Allura dai babu. Amma sun amince da metformin, ƙwayar rage sukari, da maganin tansiyo, da hoton gwiwa da gashin ƙashi, da awon HbA1c duk wata uku. A taƙaice za su biya duk abin da ƙibar ta haifa, ita uwar ce ba su sani ba.

Sai na yanke in saya da kuɗina. A gida aka yi ta. Maigida ya ce, "Wa ya ce miki ina ƙorafi?" kamar don shi nake yi. Inna ta riƙe haɓa. "Mutane na neman abin da za su ci su yi jiki, ke za ki zuba dukiya don ki rame? A ce mijinki ya gaza?" Na ce Inna, so nake in yi sujada. Ba ta ƙara cewa komai ba, amma ranar da ta zo gidan ta taho mini da fura mai nono da yawa.

Kwasar adashina ta faɗo a Disamba. Kafin in kai kuɗin farmasi wata ƙawata ta turo mini lambar wani mai kawowa daga Kano a rabin farashi, har da hoton kwali. Na nuna wa mai farmasin. Ta ce a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka, kuma a Turai an kwantar da mutane asibiti bayan sun yi allurar jabu da ake zargin insulin ne a ciki, sukarinsu ya faɗi warwas. "In a can ya shiga, Hajiya, ina ga kwalin da ya biyo ta Daura da Matamaye a but ɗin mota? Ko na gaske ne, rana ta gama da shi." Na san tana kare cinikinta, amma gaskiya ta faɗa.

Abin kamar ƙaton biro yake. A ɗaura masa 'yar allura siririya kamar gashi, a murɗa gindinsa yana ƙas-ƙas har lamba ta fito, a soka a fatar ciki, a danna, a ƙirga shida a hankali kafin a zare. Na zaɓi daren Juma'a don in abin ya buge ni ya same ni a gida. Mako huɗu a kan 0.25, sannan aka hau 0.5. Makon farko warin daddawa ma tayar mini da zuciya yake, ga cushewar ciki. Bayan nan sai wani abu da ban taɓa sani ba ya zo. Malmalar tuwo ɗaya, in ci rabi in ture. Aka yi bikin 'yar maƙwabta aka ajiye tiren alkaki a gabana, na ɗauki ɗaya, na ci, na manta da sauran. Ni da tun ina cin na rana nake tunanin na dare. A ranar na gane ashe abin da na yi shekara 20 ina zargin kaina da shi, wai kwaɗayi da rashin haƙuri, akwai hannun jini da hanji a ciki.

Ajiyarsa wani aiki ne. Kafin a buɗe sai a firigo, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace. Bayan an buɗe yana jure mako shida muddin zafi bai wuce 30 ba. Da sanyin Disamba da Janairu ba matsala, na sa shi a ƙofar firigo cikin gwangwanin madara, na rubuta wa yara "kada a taɓa". Azumin 2025 ya kama a Maris, na mayar da allurar bayan shan ruwa, likita ya ce in cika shan ruwa da dare. Wajen ƙarshen watan zafi ya sauko, irin namu da ke haura 40, kuran kuma ya fara wasan ɓuya. Sai na koma naɗe alƙalamin cikin tsumma, in sa a kular da nake zuba kunu, in jefa ƙanƙarar dala 20 a gefe, in tafi da shi biro inda akwai gurup. Da yamma in dawo da shi. Mai gadinmu har ya saba, in na fito sai ya ce, "Hajiya, kin manta jaririnki."

Alƙalami huɗu na saya. Daga 98 na sauko 90. Farilla na koma yi a ƙasa, tarawihi dai a kujera na ƙarasa. A Afrilu kuɗin adashi ya ƙare, ga kuɗin lakkol na zangon ƙarshe, ga hatsin gida da ya kusa ƙasan buhu. Na tsaya. Likita dama bai ɓoye mini ba tun farko. Ya ce babban gwajin da aka wallafa a 2021, mai mutum kusan 2,000, ya nuna raguwar kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi a mako 68, amma a kan 2.4 ne, kuma waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara ɗaya kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo. Wajen mako na uku da dainawa yunwar ta dawo kamar baƙon da ya san hanyar gida. Da Babbar Salla ina 93.

Da aka kira taron ma'aikata kan abin da za mu nema a sabon kontara, na ɗaga hannu na ce a cire layin nan, ko a ƙalla a buɗe ƙofa ga wanda lissafinsa ya haura 35 kuma yana da hawan jini ko sukari a bakin iyaka. Maza suka yi dariya, wani ya ce to a saka kuɗin kilishi ma. Wanda ya tsaya mini direbanmu ne, dattijo mai ciwon sukari da aka cire wa yatsun ƙafa biyu. Ya ce da an tare nasa tun yana zaure da yanzu da takalmi sau ciki yake tuƙi. Dillalin asirans ya ce ana iyawa, amma kuɗin shekara zai hau, kuma ƙungiya ta ce ba ta da ƙari, sai dai a rage wani wuri. Aka kaɗa ƙuri'a tsakanin nawa da ƙarin kuɗin tabarau da haƙori. Tabarau ya ci da nisa. Ban ji haushin kowa ba, kusan kowa a ɗakin yana da yaro mai buƙatar gilashi. A Satumban 2025 likita ya turo mini labarin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka semaglutide cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Na yi murna har na karanta ƙasa: ga masu ciwon sukari da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda.

A Oktoba, shekara ɗaya cif da fara wannan zirga-zirga, na koma labo. Aka ɗebi jini aka ce in dawo da azahar. Na dawo da wuri, na zauna a bencin siminti ƙarƙashin dogon yaro, carbi a hannu, kusa da wata tsohuwa daga Mirya da ta kawo jikanta. Na ɗaga hannu zan yi addu'a sai na rasa me zan roƙa. In ya sauka, lafiya ce, allura kuma ta yi nisa. In ya kai 6.5, dosiyena zai wuce. Na kama zuciyata tana karkata wajen na biyun, na yi ta istigfari har tsohuwar ta juyo ta ce, "'Yata, jikin ne?" Na ce da sauƙi, Inna.

Aka kira sunana. 6.0. Na ce alhamdu lillahi, na ninke takardar na sa cikin dosiyen tare da wasiƙun Yamai guda biyu. A wurin biya yarinyar ta karɓi kati, ta cika bon, ta ce in kawo kashi 20.